Tsagen da Gado Ya Goge

Yana cikin feƙe fensir da reza, kamar kowace safiya, ya lura har gahawa ta tafasa ba wanda ya zo.

Gado mai hoto ya fi shekara ashirin rabonsa da aiki da fensir, amma hannunsa bai yarda ya daina ba. Da ya dawo daga sallar asuba sai ya buɗe shago, ya zauna bakin angarib, gadon katako mai saƙar igiya, a ƙarƙashin rumfa, ya ɗora jabana, 'yar butar dafa gahawa, a garwashi, sannan ya ciro fensirin daga aljihun jallabiya ya yi masa baki siriri kamar ƙayar aduwa. Kafin ƙanshin citta ya kai bakin titi tsofaffin Hillat Tukur sun fara tahowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da finjalinsa da ya sani a faranti. Ran nan finjali bakwai suka kwana a kife, suka kuma wuni a kife. Alhaji Salih, wanda tun suna yara tare suke wanka a tur'a, babbar magudanar ruwan da ke shayar da gonaki, ya wuce ta ɗaya gefen titi zuwa gonarsa, idonsa a kan wuyan jakinsa, ko sallama bai yi ba.

Gado ya san dalili. Garin duka ya sani.

A nan Hillat Tukur aka haife shi. Iyayensa daga ƙasar Gobir suka taso a ƙafa da niyyar Makka, suka tsaya a yankin Jazira, kudu da Khartum, su yi cirar auduga ta kaka ɗaya don su sami guzuri, kakar nan ta miƙe har aka binne su duka biyu a bayan gari. Gado bai taɓa son fartanya ba. Yana da shekara goma sha bakwai ya gudu garin Hasahisa, ya liƙe wa wani tsoho mai ɗaukar hoto a gindin darbejiya, inda masu rubuta wa mutane takardu ke zama. Abin ɗaukar hoton akwatin katako ne mai ƙafa uku, da baƙin hannun riga da ake zura hannu ciki ana wanke takarda a duhu. Hoton farko a juye yake fitowa, baƙi ya koma fari, fari ya koma baƙi. Sai a manna shi a allo a sake ɗaukarsa, sannan mutum ya fito da kamanninsa. Tsakanin ɗauka ta farko da ta biyu, a nan Gado ya sami sana'ar da ta ciyar da shi.

Lokacin kowa takardar jinsiyya yake nema, takardar da ke cewa kai ɗan ƙasa ne. Samarin da aka haifa a nan fuskarsu sumul take, amma ana haɗa hoton uba a cikin takardun, takardun su tafi birni, uban yana gida. Ko gaskiya ne ko tsoro ne kawai, mutane sun yi imani cewa da an ga tsage irin na yamma sai takarda ta koma ƙasan tari. Larabawan bakin kogi ma suna da nasu tsagen, layi uku a kunci, ba wanda ya taɓa jin kunyarsa. Amma na Gobirawa, wanda ke tasowa daga gefen baki ya bazu zuwa kunne kamar kunyoyin gona, ko yaro ya gani ya san daga ina aka zo. Gado ya gano cewa idan ya bi layukan nan da bakin fensir a kan hoton da ke juye, a hankali, yana riƙe numfashi, sai su ɓace a hoto na biyu. Fuskar da ya fara gogewa ta ubansa ce. Tsohon ya karɓi hoton ya daɗe yana kallo, ya ce wannan mutumin dai yana da kyau, Allah ya sa ya sami takarda.

Daga nan labari ya bazu har Rufa'a da ƙauyukan gabas da kogi. Yana da wata al'ada guda: kafin ya sa fensir, sai ya fitar da hoto ɗaya yadda Allah ya yi mutum, don ya ga inda layukan suka kwanta. Wannan ba ya ba kowa. Yakan haɗa shi da ragowar wanda aka goge, ya rubuta suna a baya da ajami, ya jefa cikin akwatin ƙarfen da uwarsa ta taho da shi daga Gobir. Bai taɓa tambayar kansa don me yake ajiyewa ba. Shekaru suka wuce, masu tsagen suka ƙare ɗaya ɗaya, waya ta zo ta kashe sana'ar, shagon ya koma wurin cajin waya da kwafin takardu. Matarsa Ramatu ta rasu ba su bar ɗa ba. Abin da ya rage masa a duniya shi ne zaman safiyar nan, da Hanan.

Hanan 'yar ƙanensa ce, a gidansa ta yi rarrafe. Ta yi karatu a birnin Madani ta dawo da kyamara a wuya da Hausa mai ɗingishi, rabinta Larabci. Da damina rufin ɗaki ya yi yoyo, suka fito da akwatin suka shanya hotunan a tabarma. Yarinyar ta durƙusa a gabansu tun hantsi har azahar ba ta sha ruwa ba. Ta ce akwai wani horo da ake ba matasa masu hoto a Khartum, amma sai mutum ya tara aikinsa a shafi guda a intanet, a jere, kowane hoto da bayaninsa, masu zaɓe su duba. Tana da nata na mata masu cirar auduga, amma waɗannan ne za su buɗe shafin, da sunansa a kai, nata aikin ya biyo baya kamar 'ya a bayan uba.

Mako uku suka yi suna aikin. Ta kafa wayarta a kan tubali biyu kusa da taga, ta shimfiɗa farin ƙyalle, tana ɗaukar kowane hoto da abokinsa gefe da gefe, mai tsage a dama, gogagge a hagu. Sun yi ta musu a kan jeri. Ita ta ce hoton farko shi ne komai, idan bai kama ido ba yatsa zai ture shi ya wuce. Shi ya ce a zamaninsa da hannu biyu ake karɓar hoto. Abu ɗaya ne ta ƙi sassautawa: ba za ta sa fuskar kowa ba sai iyalinsa sun yarda. Ta bi gidaje ta tambayi mata, ta bar masa maza. Wasu suka yi dariya suka ce a sa, wasu suka yi kuka suka roƙi a ba su kwafi, wasu suka ƙi aka mayar da nasu akwati. Da aka zo kan hoton Malam Ɗan'auta, mahaifin Alhaji Salih, ta tambaye shi ko ya yi magana da Alhaji. Gado ya ce ya yi.

Bai yi ba, don ya san amsar.

Hoton Malam Ɗan'auta shi ne mafi kyau da ya taɓa ɗauka, wannan gaskiya ne. Tsoho ne dogo, haske ya sauko masa daga gefe, layi shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan, kowanne da inuwarsa. Amma akwai wata gaskiyar a ƙarƙashin wannan, Gado kuwa ya san ta sarai. Shekara biyu da suka wuce ya je Madani a duba masa ido, ya haɗu da Hashim ɗan Alhaji Salih a bakin wani kanti, Hashim ɗin yana tare da surukinsa, wani babban ɗan kasuwa Balarabe. Hashim babban ma'aikaci ne yanzu a birni. Gado, wanda ya ci naman sunansa, wanda ya ɗauke shi hoton shiga makaranta yana kuka da majina, ya miƙa hannu biyu ya gaishe shi da Hausa. Hashim ya dube shi kamar an tare shi da bara, ya juya ya ce wa surukin da Larabci, tsohon nan yana yi musu aiki ne a gona, shi Hashim bai cika gane abin da suke faɗa ba. Gado bai gaya wa kowa ba. Ya dawo da maganar gida ya ajiye ta, kamar yadda yake ajiye hotuna.

Hanan ta sa hoton Malam Ɗan'auta a farkon shafi. Kwana takwas Gado ya sha daɗi irin wanda bai sani ba tun rasuwar Ramatu. Da yamma takan zauna ta karanta masa abin da mutane suka rubuta daga Jidda, daga Kano, daga Khartum, yana cewa ƙarya suke, yana kuma cewa ta sake karantawa. Masu zaɓen suka aiko cewa sunanta ya shiga zagaye na ƙarshe. A rana ta tara hoton ya isa Madani ta wayar wani abokin aikin Hashim. Ashe gogaggen hoton nan yana rataye a falon Hashim, an faɗaɗa shi an sa masa ƙawanya mai ruwan zinariya, kuma shekara goma sha biyar duk baƙon da ya tambaya ana ce masa kakan ne, Balaraben arewa, na bakin kogi. Kafin la'asar an gama yawo da hotunan biyu a wayoyin ofis, ana haɗawa da dariya. 'Yan'uwan matarsa suka zo gidan suka tsaya a tsaye suna tambaya.

Abin bai tsaya kan Hashim ba. 'Ya'yan gari da ke aiki a birane suka fara bugo waya, har waɗanda iyayensu suka yarda da bakinsu yanzu suka ce yaudararsu aka yi. Aka daina kawo caji. Wata safiya Gado ya tarar an shafe ƙofar shagon da kashin shanu. Ranar Juma'a liman ya yi huɗuba a kan amana bai kama suna ba, ba ya kuwa bukata, sahun da Gado ke ciki ya yi giɓi dama da hagu. A gidan gaisuwar rasuwa mata suka janye tabarmarsu daga kusa da Hanan. Ita tun ranar da abin ya tashi ta cire hoton daga shafi, amma abin da ya shiga waya gishiri ne a ruwa. Ta zo ta tsaya a ƙofar ɗakinsa ta ce, "Baffa, ka ce mini ka tambaya." Bai ɗaga kai ba. Ta jira, ta jira, ta tafi.

Da hantsi ya yi zafi ran nan da ba wanda ya zo, Alhaji Salih ya dawo daga gona, ya ja jakinsa ya tsaya a tsakiyar titi. Bai dubi rumfar ba. Ya faɗa wa iska cewa bayan la'asar ana son ganin mai shagon nan a diwaninsa, ya taho da yarinyar. Gado ya zubar da gahawar da ta huce, ya shiga ciki ya buɗe akwatin uwarsa, ya ɗauki abu ɗaya ya sa a ambulan.

Diwanin Alhaji ɗakin baƙi ne mai faɗi, angarib a jere jikin bango. Masu finjali bakwai duk suna nan, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Hashim ya zo daga Madani da farar jallabiya da rawani mai ninki, ƙanshin turarensa ya riga sallamarsa. Hanan ta rakuɓe bakin ƙofa. Ba a kawo ruwa ba.

Hashim ne ya yi magana, da Larabci, a tsaye. Ya ce ba don girman gemu ba da wani wurin za a yi wannan zama. Ya ce mutum ya yi shekara ashirin yana gina kansa, wani tsoho mai cajin waya da wata yarinya mai neman suna su rushe shi a yini guda. Gado ya saurara har ya gama, sannan ya ce wa Alhaji Salih da Hausa a fassara masa, shi mai aikin gona ne, bai cika gane abin da suke faɗa ba. Wani tsoho ya yi tari ya rufe baki. Idon Hashim ya kaɗa.

Alhaji Salih ya ɗaga hannu. Ya ce ba cacar baki aka zo ba, magani aka zo nema, kuma an samu. Hashim ya ciro takarda. Abin da ake so ɗan kaɗan ne: Gado ya zauna gaban waya ya karanta cewa hoton da ke falon Madani shi ne na ainihi, shi ya ɗauka, Malam Ɗan'auta bai taɓa yin tsage ba. Yarinya ce ta zana layukan da kwamfuta don ta burge mutanen Khartum, shi tsoho bai sani ba. Za a tura wannan duk inda wancan ya je. Kowa ya san abin da yara ke yi da hotuna yanzu, za a yarda.

"In ka yi wanga, shi ke nan," in ji Alhaji Salih, karo na farko da ya dube shi. "Gobe mu sha gahawa. In ka ƙiya, Gado, ka nemi masu ɗaukar makararka wani gari."

Ba wanda ya ce wannan ya yi yawa. Gado ya san abin da takardar za ta yi wa Hanan: masu zaɓe ba sa ɗaukar mai ƙirƙirar hoto, kuma sunan zai bi ta duk inda ta kai aikinta. Sai ga muryarta daga bakin ƙofa, ƙasa ƙasa.

"Ka karanta, Baffa. Ni ina iya zama Madani, in yi wani aiki. Kai ina za ka je?"

Ya so ya karanta. Ba zai yi wa kansa ƙarya a kan wannan ba. Ya tuna finjalin nan a kife, da tsawon safiya idan ba muryar kowa a cikinta, da ramin da ke jiransa kusa da Ramatu, da kafaɗun da za su kai shi. Shekararsa sittin da takwas, ba shi da wani gari. Ya miƙa hannu aka ba shi takardar, ya zauna a kujerar da aka ajiye. Hashim ya ɗaga waya.

"Taga na bayana," in ji Gado. "Baƙi ƙirin zan fito, a ce ba ni ba ne. Juyo nan."

Hashim ya yi tsaki amma ya juyo. Gado ya gyara kujera har haske ya sauko masa daga gefe, ya ce a ɗan sauke hannu, a daina rawa da shi. Da ya ɗaga ido sai ya ga bangon da ke bayan Hashim, inda ƙaramin gogaggen hoton Malam Ɗan'auta yake rataye tun shekara arba'in, kuncin tsohon sumul kamar na jariri. Aikinsa ne, kuma aiki ne mai kyau. Ko shi da ya yi sai ya ƙura ido kafin ya ga inda fensir ya bi. Ya ninke takardar biyu ya ɗora a gwiwa.

Ya faɗi sunansa da na ubansa. Ya ce shi ya sa hoton Malam Ɗan'auta a shafi ba da izinin iyalinsa ba, ya yi wa 'yarsa ƙarya ya ce ya tambaya, kuma ya yi haka ne don akwai abin da ke ransa game da Hashim. Wannan cin amana ne, nasa ne shi kaɗai, yana roƙon Alhaji Salih gafara a gaban jama'a, ya yafe ko kar ya yafe.

"Amma tsagen na Malam ne. Da shi ya taho, da shi munka binne shi. Ni na goge, da hannun ga. Yarinya ba ta zana komi ba."

Hashim ya sauke wayar yana zagi da harshe biyu, Hausar ta fi fita sosai. Wani ya ce Gado ya haukace, wani ya ce dama can mai girman kai ne, ubansa ma haka yake. Gado ya tashi, ya taka har gaban Alhaji Salih ya ajiye ambulan a kan angarib kusa da hannunsa. Ya ce hoton Malam ne mai tsagen, shi kaɗai ne, babu wani a akwati, nasu ne, su ƙona ko su ajiye.

"Kai ka yi mashi wanka ranar da ya cika, Salih. Ni na zuba maka ruwa. Layi nawa ne a kuncinsa na dama?"

Alhaji Salih bai taɓa ambulan ba. Leɓensa ya motsa kamar mai lissafi, sannan ya datse shi.

"Fita mini daga gida."

Gado ya sa hannu a aljihu ya ciro fensirin, bakinsa siriri tun feƙewar safe, ya ɗora a kan ambulan. Ya ce in har goge ake so, ga abin aiki, kowa ya goge ubansa da hannunsa, shi ya gama.

Ya yi sallama. Ko wanda ya saba amsawa cikin barci bai amsa ba. A bakin ƙofa Hanan ta riga ta juyo masa takalmansa suna fuskantar waje, amma ba ta dube shi ba, ita ma ba ta gama da shi ba tukuna. Ya zura ƙafa ɗaya, ya dafa bango ya zura ɗayar, ya sunkuyar da kai ya fita.